Yadda Za Ka Zaɓi Wuƙar Farauta Guda Ɗaya Da Za Ta Yi Maka Kowane Aiki

Tun da aka kawar da amfanin gona daji ya buɗe, tambaya ɗaya ce masu karatu ke ta maimaita mini: wace wuƙa mutum zai saya wadda za ta yi yanka, ta yi fiɗa, ta kuma yi 'yan aikace-aikacen daji, ba sai ya rataya uku a ƙugu ba? Wasu har hoto suke turowa na wata zabgegiyar wuƙa mai ƙyalli, da haƙoran zarto a baya, suna tambaya ko ta yi. Ba ta yi ba. Ga yadda nake bi daki-daki, kuma ina ba da shawara a bi a jere, domin kowane mataki yana rage maka zaɓi kafin ka kai ga na gaba.

1. Fara da naman da kake samu

Zauna ka lissafa abin da ka kamo bara da bara waccan. Yawancinmu zomo ne, da zabo, da makwarwa, da gafiya, da gyazbi, sai gada idan an taki sa'a. Duk waɗannan ƙaramar wuƙa suke so. Aikin sara, wato share hanya, datse reshe ko fasa ƙashi, na adda ne ko barandami, kuma ai ba a shiga daji babu ɗaya daga cikinsu. To kada ka nemi wuƙar da za ta maye gurbin adda. Wanda ya nemi haka zai ƙare da abin da bai kai adda sara ba, bai kuma kai wuƙa fiɗa ba.

2. Tsayayya ko mai naɗewa

Ka ɗauki tsayayya, wadda ba ta ninkewa. Mai naɗewa tana da daɗin sakawa a aljihu, amma jini da kitse da gashi suna shiga mahaɗarta, wankewa ta yi wuya, bayan kwana biyu ta fara wari. Kuma mahaɗar nan ita ce inda take fara sakwarkwacewa. Akwai masu naɗewa nagari, irin su Buck 110 ta Amurka da ta fito tun 1964, ko Opinel ta Faransa, ko Okapi da kakanninmu suka sani, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1902 kafin aikinta ya koma Afirka ta Kudu. Ko wacce daga cikinsu ta isa ta zama ta biyu a aljihu. Ta farko dai tsayayya.

Hattara: idan ka dage sai mai naɗewa, kada ka ɗauki wadda ba ta da makulli. Ranar da ka danna tsininta a kan abu mai tauri, a kan yatsunka za ta rufe.

3. Tsawo, kauri da siffar baki

Tsawon ƙarfen, ban da ƙota, ya kasance tsakanin santimita 9 da 13, wato inci 3 da rabi zuwa 5. Idan babu abin awo a kusa, ɗora ta a tafin hannunka: faɗin yatsu huɗu da ɗan ɗoriya ya isa. Kaurin bayanta milimita 2 da rabi zuwa 4. Wadda ta fi haka kauri tsaga nama take yi kamar gatari, ba ta yanka shi sumul.

Sai siffa, kuma a nan ne ido ke yaudarar mutane. Wadda kake nema ita ce mai baki ɗaya, wadda bayanta ya ɗan sunkuyo a hankali zuwa tsini, cikinta kuma ya yi ɗan tumbi kusa da tsinin. Tumbin nan shi ke raba fata da nama. Sunkuyowar bayan kuma tana da aiki babba: idan za ka farka ciki, kana juya kaifin sama ne, ka sa yatsu biyu a ƙarƙashin fata, ka tura wuƙar a tsakaninsu. Tsinin da ya sunkuyo yana bin fata ya wuce. Wanda ya miƙe siriri kamar mashi, ko ya ɗago sama, hanji yake hudawa, ko ya fasa matsarmama, nama ya yi ɗaci ka rasa bakin magana a gida.

Wuƙar damtse mai baki biyu, irin wadda maƙeran Agadas da Damagaram suka ƙware a kai, abar sha'awa ce, ni ma ina da ita a rataye a ɗaki. Amma ba ta fiɗa ba ce, saboda babu inda za ka ɗora ɗan yatsa ka tafiyar da ita.

Hattara: ka guji mai haƙoran zarto a baki. Tana yaga nama, tana cika da gashi, ba ta wasuwa a kan dutse, kuma ba abin da za a ɗora a wuyan dabba ba ce. A mazhabar Malikiyya ana so a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da an ɗaga hannu ba, wannan kuwa sai da baki mai santsi da kaifi.

4. Irin ƙarfen

Gida biyu ne. Akwai baƙin ƙarfe mai yawan kabon, akwai kuma ƙarfe mara tsatsa da muke kira silba.

Baƙin ƙarfe yana saurin kama kaifi, ko a kan dutsen bakin rafi za ka wasa shi. Aibinsa tsatsa: ka bar jini a kansa ya kwana, da safe za ka ga ja-ja. Silba kuwa an gauraya shi da sinadarin kuromiyam, a wuƙaƙe kusan kashi 13 cikin 100 zuwa sama, shi ya sa ruwa ba ya cin sa da wuri. Mai farauta a fadama ko wajen tafki, ko wanda ya san halinsa na mantuwa, ya ɗauki silba. Mai farautar rani a tudu, wanda ba ya ƙyashin goge wuƙa, baƙin ƙarfe ya fi masa.

Idan ta kanti ce, duba gindin ƙarfen kusa da ƙota, kamfanonin kirki suna bayyana irin ƙarfensu a nan ko a jikin kwali. Lamba 1095 baƙin ƙarfe ne mai kyau. 420HC da 12C27 da 440C silba ne da za a iya dogara da su. D2 yana daɗewa bai dakushe ba, amma ran da ya dakushe dutsen gida zai sha wahala da shi, don haka ba na ba sabon shiga shawarar sa. Idan an rubuta tauri da ma'aunin HRC, nemi tsakanin 56 da 60. Ƙasa da haka bakin yana lanƙwashewa, sama da haka yana ɓantarewa idan ya haɗu da ƙashi.

Hattara: wuƙaƙe masu zanen igiyar ruwa a jiki da ake tallatawa a intanet da sunan ƙarfen Dimashƙa, a farashin banza, yawancinsu ado ne kawai. Zane ba ya yanka.

5. Idan wajen maƙeri za ka

Ni a nan zuciyata ta fi kwanciya, saboda kana tsaye za a yi, kuma gobe idan ta sami matsala ka san ƙofar da za ka buga. Amma sai ka san abin da za ka ce.

Da farko, ƙarfen. Mafi kyau a wajenmu shi ne sifirin na mota, wanda za ka samu a wajen masu tsofaffin ƙarafa irin na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Tsohon magagari ma yana yin wuƙa mai kaifi, sai dai tana da saurin karyewa idan ba a sassauta taurinta ba. Abin da ba za ka yarda da shi ba shi ne rodin gini da falankin ƙarfen ƙofa. Suna da sauƙin ƙira, suna yin kyau a ido, amma ba sa riƙe kaifi. Idan kana shakka, sa a taɓa ƙarfen a jikin giranda ka kalli tartsatsin. Ƙarfe mai kabon yana fitar da tartsatsi mai rassa da ke fashewa kamar taurari. Mai taushi kuwa dogayen layuka yake fitarwa marasa fashewa sosai. Ka kuma duba sifirin ɗin da kyau, domin wanda ya gaji a ƙarƙashin mota yakan zo da 'yan tsage-tsage sirara da za su buɗe a wuta.

Na biyu, ban ruwa, kuma shi ne ran wuƙa. Bayan an gama ƙira ana mayar da ita wuta ta yi ja, a tsoma ta don ta yi tauri. Sifirin ya fi son mai, ruwa yana iya tsaga shi. Daga nan ba a gama ba. A wannan hali ta yi tauri kamar gilashi, sai an goge ta an sake ɗumama ta a hankali daga baya, ana kallon launi yana tafiya zuwa baki. Idan bakin ya yi launin busasshen kara, wato wajen digiri 200 zuwa 230 na zafi, a nan ake tsayawa. Idan aka bari bakin ya yi shuɗi, an wuce gona da iri, ta yi laushi.

Na taɓa zama wajen wani dattijon maƙeri, yaronsa na jan zuga-zugi, gawayin ƙirya na ƙara. Da ya zo wannan gaɓar sai ya ce a saki tabarmar ƙofa, maƙerar ta yi duhu-duhu. Na ce, "Baba, ba ka buƙatar haske?" Bai ɗago ba ya ce, "Yaro, rana ƙarya take yi wa ƙarfe. A inuwa ake ganin jansa na gaskiya." Ya ɗora maganaɗisu a jiki, da ya ga ya daina kamawa sai ya ƙara ɗan jinkiri kaɗan ya tsoma a mai. Wuƙar nan har yau ita ce a ƙuguna. To idan maƙerin da ka je wajensa bai yi maka maganar sake ɗumamawa ba, tambaye shi cikin ladabi. Amsar da ya ba ka za ta nuna maka ko ka zauna ko ka ƙara gaba.

Hattara: kada ka ba da aiki ana gobe fita farauta. Maƙerin da aka matsa wa lamba ban ruwa yake fara gajartawa, saboda shi ne ba a gani da ido.

6. Ƙota

Abu na farko da za ka tambaya: ina ƙarfen ya tsaya a cikin ƙota? Mafi ƙarfi ita ce wadda ƙarfen ya bi ƙotar har ƙarshe, kana ganin sa ta gefe tsakanin katako biyu, an kama da ƙusa biyu ko uku. Wadda wutsiyar ƙarfen ta shige ciki ma ba laifi, muddin ta wuce rabin ƙota sosai. Matsalar ita ce mai guntuwar wutsiya da aka liƙa da gam ko aka ɗan ɗiga wa walda.

Irin ta ce ta kunyata ni ina saurayi. Na saye ta a wata tasha, doguwa mai sheƙi, ƙotarta rami ce da murfi, wai ana zuba ashana a ciki. Na yi ta nuna ta a hanya. Da aka kama gada aka ce mai sabuwar wuƙa ya zo ya raba gaɓa, na murɗa sau ɗaya, sai ga ƙota a hannuna, ƙarfe a cinyar gada. Wani tsoho ya zaro wata 'yar baƙar wuƙa da wasawa ta cinye rabinta, ya gama aikin, bai ce mini uffan ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Katako mai tauri kamar ƙirya, marke ko madobiya yana daɗewa. Roba mai kaushi ta fi komai riƙo idan hannu ya jiƙe. Ƙaho da aka goge ya yi sheƙi, da ƙarfe zalla, da roba mai santsi, duk suna zamewa a jini. Tsawon ƙota ya cika tafin hannunka har ya ɗan leƙo. Kuma a sami ɗan tudu ko lotsawa a gaba da zai tokare yatsa kada ya zame kan kaifi.

7. Gwaji kafin ka miƙa kuɗi

Kada kunya ta hana ka. Mai kaya nagari ba ya tsoron gwaji.

Ɗaga ta saitin ido ka hango ta daga ƙota zuwa tsini, ka ga ko ta miƙe. Juya kaifin sama a cikin rana: duk inda ka ga ƙyalli a kan bakin, wurin ya dakushe ko ya lanƙwashe, domin baki mai kaifi ba ya mayar da haske. Riƙe ƙota da ƙarfi, ka kama bayan ƙarfen da tsumma ka girgiza, kada ka ji motsi ko kaɗan. Jiƙa hannunka da ruwa ka sake riƙewa ta fuska uku: riƙon yanka, riƙon da kaifi ke kallon sama, da riƙon da ɗan manuni ke kwance a bayanta. Idan wani wuri ya ci maka hannu a minti ɗaya, a awa ɗaya kanta zai yi maka.

Sannan nemi izini ka goga magagari a hankali kusa da baki. Idan ya riƙa zamewa yana kamawa da ƙyar, ta sha ruwa. Idan ya nutse yana zubar da gari, mayar masa da abarsa. Daga nan yanki tsohuwar igiya kamar sau goma, ka dawo ka gwada ta a takarda. Kowace wuƙa tana yanka takarda a karon farko, ta biyun ce shaida.

Masu ƙwanƙwasa wuƙa da farce su kara a kunne, wannan yana iya tona tsagewa ko sakwarkwatacciyar ƙota, amma ba ya gaya maka taurin baki.

Hattara: kada ka gwada kaifi ta hanyar jan yatsa a tsawon baki. Idan dole sai ka taɓa, ɗora bakin a kan farce a karkace: mai kaifi tana kamawa, dakusasshiya tana sulɓewa.

8. Kube

Mutane suna ɓata awa guda a zaɓen wuƙa, su karɓi duk kuben da aka miƙo musu. Kube mara kyau kuwa ko ya zubar maka da wuƙa a ciyawa, ko ya bari ta huda ta same ka a cinya. Sa wuƙar a ciki ka kifa shi ka girgiza, kada ta faɗo. Duba gefen da kaifi ke kwanciya: baduku mai sanin aiki yana sa wani ƙarin zirin fata a tsakani don kada wuƙa ta yanke zaren ɗinki. Idan babu, je wajen dukawa, a Kasuwar Kurmi ko kasuwar garinku, da wuƙar a hannu, a ɗinka mata nata da fatar sa mai kauri, ba ta akuya ba. Ya haɗiye har rabin ƙota, kuma madaurinsa ya shiga bel ko ɗamara sosai.

Hattara: wuƙar farauta ta daji ce. Idan za ka ratsa gari ko shingen jami'an tsaro, naɗe ta ka sa a cikin jaka tare da sauran kaya, ba a ƙugu ba, musamman a garuruwan da ake fama da 'yan daba. Idan ƙungiyarku ta maharba tana ba da katin shaida, riƙe shi. Wurare irin su Yankari, Falgore, Kamuku da Gashaka Gumti kuma an hana farauta a cikinsu, kyan wuƙarka ba zai cece ka ba.

9. Kuɗi

Kasa kuɗinka uku tun daga gida: kaso mafi girma na wuƙa, sauran na kube da dutsen wasawa. Wanda ya zuba duka a wuƙa ya dawo babu dutse, bayan fita biyu ya koma aro.

Ta maƙeri ita ce mafi sauƙi, kuma idan kai ka kawo sifirin kuɗin aiki kawai za ka biya. Ka ƙara masa wani abu a kan abin da ya faɗa, ka gaya masa na ban ruwa ne, za ka ga bambanci. A cikin na waje, Morakniv Companion ta ƙasar Suwidin, mai tsawon kusan santimita 10, a can ba ta kai dala 30 ba, kuma tana yin duk aikin da muka lissafa. Buck 110 ta haura dala 50. Ka auna da canjin ranar, ka ƙara kuɗin kawowa. Idan wani ya miƙo maka mai irin wannan suna a kuɗin da bai kai rabin haka ba, jabu ce. Sayen nagari mayar da kuɗi gida, amma nagari a nan ba ya nufin mai tsada.

10. Wasawa da ajiya

A hadisin da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni cewa idan za a yi yanka a kyautata, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Don haka wasawa a gida ake yin ta kafin a fita, ba a gaban dabba ba.

Nemi dutse mai fuska biyu, kaushi da laushi. Jiƙa shi. Tsayar da wuƙar a kansa cak, kwantar da ita rabi, ka sake kwantar da ita rabin wannan, ka sami kusan digiri 20 da ake so. Tura ta kamar kana son feƙe siririn yanki daga dutsen, daga gindi zuwa tsini, kana ɗan ɗaga ƙota idan ka zo tumbi. Ci gaba a gefe ɗaya har sai ka ji wani ɗan gashin ƙarfe ya lanƙwaso a ɗaya gefen, tun daga gindi har tsini. Sai ka juya ka yi haka. Koma fuska mai laushi da hannu sakwa-sakwa, ka ƙarasa da jan ta da baya a kan tsohon bel na fata, sau goma kowane gefe.

Hattara: kada ka miƙa ta ga mai giranda ya danna ta a bushe. Da zarar bakin ya yi shuɗi, ban ruwan ya tafi a wurin, kuma ba ya dawowa sai an cinye ƙarfen an wuce inda ya ƙone.

A daji, yanka fata daga ciki zuwa waje, domin gashi da ƙasar da ke jikinsa su ke fara cin kaifi. Raba gaɓa ta bin mahaɗa, kada ka sari ƙashi, kada ka ɓanɓari abu da tsini. Idan kana da rauni a hannu, rufe shi kafin ka taɓa jini, musamman na dangin ɓera, saboda zazzaɓin Lassa. Wanda wuƙa ta yanka sosai kuma ya je a duba shi a yi masa allurar tetanus.

Da ka dawo gida wanke ta da sabulu da ruwan ɗumi, ka tsane ta sarai, ka shafa mata ɗan man kaɗanya. Ban da baƙin mai, tunda nama za ta taɓa. Idan baƙin ƙarfe ya fara yin toka-toka ko duhu, ƙyale shi, wannan ba tsatsa ba ce, yana ma kare ta. Ja shi ne abokin gaba, shi kuma sanfefa mai laushi ko toka da tsumma suna fitar da shi. Idan damina ta faɗi an rataye kayan farauta, zare ta daga kube, domin fata tana riƙe laima kuma bagaruwar jima tana cin ƙarfe. Naɗe ta a tsumma mai ɗan mai, ka sa a inda hannun yara ba ya kaiwa, kuben kuma a rataye shi daban.